Kafin a zargi baƙo, a duba akushin da aka ba shi

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu koyon rubuta manhaja: wai in kana son aiki da Linux, sai ka share Windows, domin kwamfutar da ake saukarwa cikin wata kwamfuta, irin ta VirtualBox, nauyin jiki gare ta wajen harhaɗa manhaja. A ganina wannan shawara akwai ganganci cikinta. Galibin ɗalibanmu kwamfuta ɗaya gare su, ta hannu, wani lokaci ma ta gida duka ce, da takardun wa da hotunan ƙanwa a ciki. Kuskure ɗaya wajen sharewa, komai ya tafi.

Harhaɗawa ita ce juya abin da mutum ya rubuta, misali da yaren C, zuwa harshen da na'ura ke ji, kuma furosesa ce ke ɗaukar mafi yawan aikin. Tun da Intel ta fito da VT-x a 2005, AMD kuma da AMD-V a 2006, yawancin umarnin baƙuwar kwamfuta kai tsaye yake isa ga furosesa, ba tafinta a tsakani. Tazara tsakanin baƙuwa da mai masaukinta tana nan, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

To, daga ina jinkirin? Sau da yawa daga rowar mai masauki. Furosesa mai kai huɗu, a ba baƙuwa kai ɗaya, sannan a ce ta yi tsere da mai huɗu. A ba ta RAM kaɗan, ta koma neman wuri a faifai. A ajiye aikin cikin dosiyen da suke tarayya da Windows, alhali harhaɗawa buɗe dubban ƙananan fayiloli ce, hanyar tarayyar kuwa a hankali take tafiya. In kuma ka ga ɗan kunkuru kore a ƙasan tagar VirtualBox, Hyper-V ne ya riƙe ragamar.

Mai son gaskiya ya auna da adalci: manhaja ɗaya, gcc iri ɗaya, adadi ɗaya a umarnin make -j, a share abin da aka harhaɗa kafin kowane gwaji, a maimaita sau uku. A kuma kula da zafi: da azahar a watan Afrilu, furosesa da kanta take rage gudu in ta ɗau zafi, sai laifin ya faɗa kan wanda aka gwada daga baya.

Gaskiya ne, tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 4 ba ta iya ciyar da baki biyu. Mai irinta ya kwafe takardunsa tukuna, sannan ya raba faifai. Sauran kuwa, malamai ƴan'uwana, mu koya musu riƙe agogo su auna, kafin su share abin da ba su iya maidowa.