Idan aiki ya kai ka Nairobi, kada Asabar da Lahadi su ƙare a ɗakin otal



A 'yan shekarun nan mutanenmu na fita ƙasashen waje fiye da da. Wani ofis ne ke tura shi kwas na mako biyu, wani taro, wani karatu, wani kuma sayo kaya. Nairobi, babban birnin Kenya, na cikin wuraren da ake yawan zuwa, domin can ne hedikwatar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli, ga ofisoshin ƙungiyoyi da kamfanoni barkatai, kuma daga Legas tafiyar kimanin awa biyar ce a jirgi.

Abin da nake so mu duba shi ne yadda muke kashe ranakun hutu idan mun je. Galibi daga barci sai danna waya, sai a leƙa kasuwa a sayo tsaraba. Mutum ya dawo ka tambaye shi yaya ƙasar, ya ce maka akwai sanyi kuma abincinsu ba yaji. Ke nan an kashe kuɗin jirgi da masauki, an dawo da labarin da ko bai je ba zai iya bayarwa. A ganina wannan asara ce. Duk wanda Allah ya kai shi irin wannan birni ya kamata ya ware kwana biyun nan ya ga ƙasa, ya ga namun daji, ya dawo da abin da zai faɗa wa 'ya'yansa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ga wanda ya buɗe ido.

Na ɗauki Nairobi misali ne saboda ba ta bar wa kowa uzuri ba. Gandun dajinta yana kudu da tsakiyar birni, nisan kilomita bakwai kacal. An kafa shi a 1946, shi ne na farko a Kenya, faɗinsa murabba'in kilomita 117. An kewaye shi da waya ta ɓangare uku, an bar kudu a buɗe domin dabbobi su riƙa fita filayen Kitengela suna dawowa. A ciki akwai zaki, ɓauna, jakin dawa, raƙumin dawa, jimina, barewa, dorina, kada, da baƙar karkanda wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a duniya. Tsuntsaye sun haura iri 400. Giwa ce dai babu a cikin dajin, kada direba ya yi maka alkawarin abin da ba zai cika ba.

Ana buɗe ƙofa da ƙarfe shida na safe, kuma wannan ne lokacin da ya fi, kafin rana ta ɗaga zakuna su shige inuwa. Wanda ya yi sallar asuba ya fito zai isa a kan kari. A ɗauki rigar sanyi, domin Nairobi na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, safiyarta na cizo musamman a watan Yuni da Yuli. Abin da zai tsaya maka a rai shi ne ganin raƙumin dawa yana cin ganyen ƙaya, a bayansa ga dogayen benaye, a sama ga jirgi yana shirin sauka. Ga kuma doguwar gadar jirgin ƙasa da aka ratsa da ita ta cikin dajin, aka ɗora ta kan ginshiƙai domin dabbobi su wuce ta ƙasa. An yi doguwar jayayya kafin a gina ta. Wanda ya tsaya ya dube ta zai gane cewa rikicin da ke tsakanin gina ƙasa da kare daji bai ƙare ba a ko'ina.

A cikin dajin akwai wurin da ya kamata kowane ɗan Najeriya ya tsaya. A nan ne a 1989 Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wuta a tan 12 na hauren giwa da aka ƙwace daga mafarauta, domin ya nuna wa duniya cewa ƙasarsa ba za ta ci kuɗin haure ba. A shekarar ne ƙasashe suka amince da hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa. A 2016 Shugaba Uhuru Kenyatta ya maimaita, ya ƙone tan 105. Na ce ɗan Najeriya ya tsaya ne saboda tashoshin ruwanmu sun yi ƙaurin suna wajen fitar da haure da ɓawon ɗan kunya zuwa Asiya. Gwamnatinmu da kanta ta ƙone kusan tan huɗu na ɓawon ɗan kunya a 2023, ta kuma niƙe tan biyu da rabi na haure a Abuja a farkon 2024. Wannan tabo ne a kan fasfonmu, kuma da shi ake kallonmu a filayen jirgi.

Wanda ke son ganin giwa ya nufi gidan marayun giwaye da ke gefen dajin. Daphne Sheldrick ce ta kafa gidauniyar a 1977 don tunawa da mijinta, wanda ya yi shekaru yana kula da gandun dajin Tsavo. Ana kawo jariran da suka rasa uwa, ko saboda mafarauta, ko fari, ko faɗawa rijiya. Ana ba su madara duk bayan awa uku, dare da rana, masu kula da su suna kwana tare da su a rumfa. Idan sun tasa a kai su Tsavo, a hankali su koma cikin garke. Awa ɗaya kawai ake buɗe wa baƙi, daga ƙarfe 11 zuwa 12 na rana, kuma sai ka yi rajista tun kafin ranar. Duk wanda ya ga ɗan giwa yana bin mutum da gudu saboda kwalbar madara, ba zai sake kallon awarwaron haure a matsayin ado ba.

Daga nan ba nisa zuwa cibiyar raƙuman dawa ta Lang'ata, wadda aka fara aikinta a 1979 don ceto wani iri da ake kira Rothschild, lokacin da waɗanda suka rage a Kenya ba su kai 200 ba. An yi dandamali mai tsawo inda za ka tsaya daidai da kan dabbar, ka miƙa mata abincin da ma'aikata suka ba ka, ta zuro dogon harshenta mai duhu ta ɗauka. A nan ya kamata mu tuna da namu. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suna yankin Kure a Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A tsakiyar shekarun 1990 sun koma kusan 50, yau sun haura 600, saboda an daina kashe su kuma manoman yankin sun yarda su zauna tare da su. Ashe abin ba na Turawa ba ne, ba kuma na mutanen Kenya kaɗai ba.

Ranar Lahadi ta ishe ka zaga gari. Akwai Masallacin Jamia a tsakiyar birni, akwai unguwar Eastleigh ta 'yan kasuwar Somaliya inda abincin halal ba ya wuya, akwai gidan tarihi na ƙasa. Sannan akwai dajin Karura, kimanin hekta dubu na itatuwa a cikin birni, inda iyalai ke yawo da ƙafa ko da keke. Da tuni an yanka shi fuloti-fuloti, ba don Wangari Maathai da mutanenta sun tsaya ba, har aka yi mata duka a 1999. A 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Mu da ke zaune a garuruwan da ko filin ƙwallon yara sai an sayar an yi shaguna, akwai abin koyo a Karura.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, kuɗi. Baƙo na biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa, da dala ake lissafawa, ga kuɗin mota, ga yadda naira take. Wannan gaskiya ne, kuma wanda bashi ke kansa ko ya raka mara lafiya ba da shi nake ba. Amma mu yi wa kanmu adalci. Mutumin da zai ce ba shi da kuɗin shiga daji shi ne zai sayo takalma ƙafa uku da turaren da ake samu a kasuwar garinsu. Idan mutum huɗu ko biyar suka haɗa kuɗin mota ɗaya, nauyin ya ragu sosai. Takalmi zai tsinke, abin da ido ya gani kuwa yana nan.

Na biyu, wasu za su ce dabba ce fa, ai ana gani a talabijin. Gani ya kori ji. Yaranmu da aka haifa a kudu suna jin Gizo da Ƙoƙi, suna jin kura da zaki da giwa a tatsuniya da karin magana, amma da yawansu ba su taɓa ganin ko jimina ba. Harshenmu cike yake da dabbobin da suka ƙare a dazukanmu. Uban da ya gani da idonsa ya fi iya bayyana wa ɗansa dalilin da ya sa ake wa zaki kirari da manyan dawa.

Na uku shi ne ya fi nauyi, kuma ban raina shi ba. Akwai masu cewa ana fifita dabba a kan talaka: baƙo ya zo ya ɗauki hoto ya tafi, makiyayi ya kwana yana gadin shanunsa. Mu da muka san darajar saniya ba za mu ce ƙarya ba ne. Makiyayan Masai da ke kudu da dajin sun sha rasa dabbobi, su ma sun sha kashe zakuna don ramuwa. A 2016 zakuna sun fita har cikin unguwanni, aka harbe ɗaya. Amma daga cikin makiyayan nan ne wani yaro mai suna Richard Turere ya lura cewa zaki na tsoron haske mai motsi. Ya haɗa batirin mota da faifan hasken rana da ƙananan ƙwayayen fitila masu kunnawa suna mutuwa, ya kewaye garken mahaifinsa da su, zakuna suka ɗauka mutum ne ke zagaye da tocila. Dabarar ta bazu zuwa wasu garuruwa. Ƙaurace wa dajin ba zai mayar wa makiyayi da saniyarsa ba. Abin da baƙo zai iya shi ne ya sa kuɗinsa ya kai ga mutanen wurin: ya ɗauki direba da ɗan jagora 'yan yankin, ya sayi kayan hannu daga waɗanda suka yi su, ya biya kuɗin shiga ta hanyar hukuma ya karɓi shaida.

Sai kuma ladabin zuwa, domin ɗaya ya ɓata, duk a ce 'yan Najeriya ne. Kada ka fito daga mota sai inda aka ba da izini. Ɓauna da dorina sun fi kama da masu sanyin hali, amma suna cikin dabbobin da suka fi hallaka mutane. Kada ka jefa wa biri abinci, domin wanda ya saba da hannun mutum shi ke zama ɓarawo, ƙarshe a harbe shi. Kada ka matsa wa direba ya sauka daga hanya don ka sami hoto. Kenya ta haramta leda tun 2017, kuma tun 2020 ba a shiga gandun daji da robar ruwa ta sha-ka-yar, sai ka tanadi gora. A kowace ƙasa ka je, idan aka ce ka biya ka rungumi ɗan zaki a yi maka hoto, ka wuce. Dabbar da aka raba da uwarta don a yi kasuwanci da ita ba abin alfahari ba ce.

Mafi muhimmanci, kada ka saya kuma kada ka karɓi saƙon haure, ƙaho, fata, farce ko haƙorin dabbar daji, ko da an ce maka na magani ne, ko da ƙaramin zobe ne. Dokar namun daji ta Kenya ta 2013 ta tanadi tara mai nauyi da ɗauri mai tsawo, kuma akwai karnuka masu sansano kaya a filin jirgi. A 2025 wata kotu a can ta yanke wa mutum huɗu hukunci saboda yunƙurin fitar da dubban tururuwa masu rai, kowannensu ya biya shilin miliyan ɗaya ko ya yi shekara a gidan yari. Ƙasar da ta kai mutum kotu a kan tururuwa, me kake zaton za ta yi a kan haure? Mun san al'adarmu ta "don Allah riƙe mini wannan ka kai wa wane". Ka buɗe ka gani kafin ka karɓa, ko daga hannun wa ya fito.

Kalmar safari da duniya ta sani daga Swahili take, asalinta Larabci, kuma 'yar uwar kalmarmu ce ta safara. Kakanninmu fatake da suka yi Gwanja da Sudan ba kaya kaɗai suke dawowa da shi ba, har da labarin ƙasashe da mutane da abin da suka gani a hanya, kuma da wannan labarin na baya suka san duniya. Bai kamata mu da jirgi ke ɗauka mu dawo da ƙasa da abin da mai jaki ya dawo da shi ba.

Shawarata ga duk ɗan uwa ko 'yar uwa da tafiya ke gabansa ita ce, tun kafin ka tashi ka binciki abin da ke kusa da masaukinka, ka ware kuɗinsa daban da na tsaraba, ka nemi abokan tafiya. Idan ka dawo ka zauna da yara ka nuna musu hotuna, ka faɗa musu sunan kowace dabba da Hausa. Wanda kuma tafiya ba ta kama shi ba, Yankari na nan a Bauchi, mazauna Legas kuma ga gandun Lekki a kusa.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.

Sakataren Ƙungiya