Faɗuwar Gaba Ga Matasanmu: Daga Ramin Zinariya Zuwa Teburin Mai Magani

Duk mai zaman kasuwa ya san wannan kukan. Saurayi ɗan shekara 25 zai zauna bakin shago, bai yi gudu ba, bai ɗauki kaya ba, sai ka ga ya dafe ƙirji yana cewa zuciyarsa na dukan uku-uku. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu, wata kuma ta ce tunanin aure ne. Daga nan sai a aiki yaro wurin mai tebur ya sayo ƙwaya. A ganinmu nan kuskuren yake farawa, domin galibi saurin bugun zuciya ɗan aike ne, akwai abin da ya turo shi, kuma shi ya kamata a nema.

Kamar yadda likitoci suka bayyana, zuciyar baligi in yana zaune a huce tana bugawa sau 60 zuwa 100 a cikin minti guda. Kowa na iya aunawa ba tare da biyan ko dala ba: a zauna a huta na minti 5, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga har minti ya cika a agogon salula. In kullum lissafin yana haura 100, to akwai magana.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2014 ne aka gano zinariya a Jado da kuma Cibarakaten, can arewa kusa da iyakar Aljeriya. Tun daga lokacin matasan Iferwan da sauran garuruwan Ayar, har da na Maraɗi da Damagaram, suka rinƙa barin garake da kiwo suna tafiya haƙa. Wanda ya wuni cikin rami da zafin hamada, inda ruwan sha ma saye ake yi, jikinsa zai bushe, jinin da ke zagayawa ya ragu, dole zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Ga shayi mai kauri zagaye uku sau da yawa a yini, ga Nescafé, ga goro, ga taba, ga lemun gwangwani na ƙarin kuzari. Kowanne daga cikinsu bulala ce ga zuciya, balle a haɗa su a cikin da babu abinci, ga rashin barci.

Sai kuma babbar, wato tramol. Maganin ciwo ne na gaskiya, amma wanda likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a ɓoye kuwa akwai mai 200, akwai mai 225, kuma wasu matasa biyu ko uku suke jefawa cikin shayi don su jure aiki. Yawansa na sa zuciya gudu, yana kawo farfaɗiya, sannan ranar da wanda ya saba da shi bai samu ba, sai gumi da karkarwa da bugun zuciya su taso masa, ya koma ya sake saye yana zaton magani ya samu. A watan Satumba na 2017 an kama ƙwaya wajen miliyan 3 a nan Nijar, cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin tambaya a nan shi ne, wadda ta kuɓuce wa ƴan duwan da hukumar OCRTIS, a hannun wa take isa ga yaran? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikin kasuwanninmu ake sayar da ita, kuma mai sayarwar ya san uban mai sayen.

Ku kuma iyayenmu mata da ke kasuwa, naku ya sha bamban. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Budurwa ko amaryar da ke haki in ta ɗauki tulu, cikin idonta ya yi fari, zuciya na bugawa, jini ya kamata a fara auna mata. Mai jego kuwa da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka kuma ja kunne game da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego.

Zazzaɓi ma na ƙara bugu kamar 10 a kan kowane digiri, shi ya sa masassarar cizon sauro ke zuwa da faɗuwar gaba. Akwai kuma ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa rama da gumi alhali mutum na cin abinci. Damuwa da tsoro su ma suna yi, ba mu musa ba, amma sai an kawar da sauran kafin a ɗora musu laifi.

Wanda ya ƙirga ya ga ya haura, ya sha ruwa sosai, ya rage shayi da taba na mako guda, ya sake ƙirgawa. In bai sauka ba ya je likita a auna jini da zazzaɓi, kuma ya faɗi gaskiyar abin da yake sha, don tramol a hankali ake yaye shi ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta sanar da rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocinta. Amma wanda bugun ya zo masa da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko suma, ko ya taso farat ɗaya ya kai 150 yana zaune, wannan ba ya jiran mako. Daga Iferwan zuwa Arlit ko Agadez tafiya ce mai nisa cikin duwatsu, a nemi mota tun yana iya zama da kansa.