Yawon Shaƙatawa A Gambiya: Wa Ke Cin Ribar?

Daga Wakilinmu

A shekarar 1965, watau shekarar da Gambiya ta sami mulkin kai, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bertil Harding ya kai rukunin farko na Turawa masu yawon shaƙatawa ƙasar. Tun daga nan wannan sana'a ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙasashen waje, manyan otal-otal kuma suka yi ta tashi a bakin teku a Bakau da Kotu da Kololi.

Abin da ya jawo ka-ce-na-ce shi ne tsarin nan na biyan komai gaba ɗaya. Baƙo yakan biya kuɗin jirgi da masauki da abinci da abin sha tun yana ƙasarsu, a hannun kamfanin shirya tafiye-tafiye na Turai. Idan ya sauka ba shi da dalilin fita daga harabar otal, tun da ya riga ya biya. Saboda haka direban tasi da mai gidan abinci da masassaƙi da mai tallar 'ya'yan itace sai dai su hango shi daga nesa. Bugu da ƙari, duk abin da otal ya sayo daga waje, kuɗinsa can yake komawa. Kura ke nan da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ganin haka ne Gwamnatin Gambiya ta hana wannan tsari a 1999, amma kamfanonin Turai suka matsa lamba, a 2000 aka janye dokar. Mai jirgi da baƙi a hannunsa shi ne mai faɗa a ji.

Ba a musun cewa otal-otal sun samar wa dubban mutane aiki, gwamnati kuma tana karɓar haraji. Sai dai aikin na lokacin sanyin Turai ne, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu; in damina ta kama, ma'aikata da yawa sai zaman gida. Har ila yau samari da dama sun mai da bin baƙi a bakin teku sana'a, abin da iyaye suke kuka da shi.

Haɗarin dogara ga baƙi ya sha bayyana. A 2014 cutar Ebola ba ta shiga Gambiya ba, duk da haka Turawa suka ƙaurace. A Satumba 2019 kamfanin Thomas Cook na Ingila, wanda yake kai baƙi masu ɗimbin yawa, ya durƙushe ana gab da buɗe kakar. A 2020 kuma annobar korona ta rufe otal-otal.

Lalle ne ƙasashe masu tasowa su daina ƙirga baƙi kawai, su ƙirga abin da ya rage a aljihun talaka bayan jirgi ya tashi. Wajibi ne a haɗa otal-otal da manoma da masunta na gida ta yarjejeniyar saye, a kuma buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa ƙofa. In ba haka ba, ƙasa ta ba da haya ne kawai na rairayi da rana.