Tsohuwar Jif Da Ƙishirwarta

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya furta cewa tallafin man fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Daga nan aka shiga zagin tsofaffin Land Cruiser na shekarun 1990 da ke kai mu aikin bincike ƙauyuka, wai a sayar da su. Mu dai ba mu yarda ba. Wace ƙaramar mota ce za ta ratsa laka da damina ɗauke da ɗalibai bakwai?

Gaskiya ne, inji mai lita 4.5 da ke jan nauyin da ya haura tan biyu ba zai taɓa shan mai kamar babur ba. Amma rabin ƙishirwar nan mu ne muka ɗora mata. Mukan bar ta a kunne ƙofar ofis, direba na hira, mai gida na jin daɗin sanyi. Taya ba isasshiyar iska. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, abin da ke sa mai kafireto zuƙar mai fiye da kima. Fulogi kuwa sai ya mutu ake tunawa da shi.

Sai kuma gudu. Turjiyar iska a kilomita 120 ta ninka ta kilomita 80 fiye da sau biyu, balle an ɗaure kaya a bisa rufi. Muna roƙon kowane sashe ya buɗe littafin da za a riƙa rubuta lita da kilomita na kowace tafiya, direba ya sa hannu, kafin a kira dillali.