Kada A Nome Bakin Rafi

Jama'a manoman Dandume, maganarmu ta yau kan kifi ce, amma garma ce mai laifin.

Kowane kifi da irin ruwan da ya ke so. Kurungu sai gurbi mai zurfi da kututture. Kawara tana son ruwa garau mai gudu. Karfasa kuwa ƙasan ruwa mara zurfi ta ke haƙa ta sa ƙwai.

To, in mutum ya sare itatuwan bakin rafi, ya kai kunyar masara ko auduga har gaɓa, ruwan sama sai ya kwashe ƙasar ya cike guraben. Inuwa ta kau, ruwa ya yi zafi ya gurɓace. Daga nan sai tarwaɗa da gaiwa za su saura, don su suna iya shaƙar iska. Ga hasarar taki, ga ta miya.

Ku tuna daga ƙasar Funtuwa Kogin Sakkwato ya faro, ya bi ta Gusau har Argungu. Ɓarnar da aka yi a mafari, masuntan can ma sai sun ji ta.

Shawararmu ita ce kowa ya bar taki goma tsakanin gona da gaɓa, ciyawa da itace su tsaya.