In An Ce Gari Ya Yarda, Wa Ya Yarda?

A ƙauyukan gundumar Tasawa da ta Mayahi, tun daga Korgom da Urafan har Kanembakashe da Isawan, akwai wata magana da kunne ya saba da ita: "Gari ya yarda." In ma'aikacin hukuma ya zo da batun rijiya, ko bankin cimaka, ko takin bashi, sai ya koma ya rubuta a takarda cewa gari ya yarda. Bayan shekara biyu ko uku, in lokacin biya ya yi, sai a ji wata magana dabam: "Ba mu muka ci ba, su suka ci." To, gari ba shi da baki, ba shi kuma da yatsan da zai dangwala a takarda. In an ce ya yarda, wa ya yarda? In an ce ya ci bashi, a wuyan wa bashin yake?

Wannan tambaya ta daɗe a duniya. Fiye da shekara 2,300 ke nan wani masani na ƙasar Girka ya yi nazarinta. Sunansa Aristo, wanda malaman Larabci suke yi wa laƙabi da Malami na Farko. An haife shi a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rasu a ta 322, ya kuma yi karatu a birnin Atina wajen malaminsa Aflatun. A zamaninsa Girka ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Birane ne masu yawa, kowane da ƙauyukansa da gonakinsa da irin mulkinsa, kamar dai yadda Katsina da Gobir da Kano da Daura suke a da.

A cikin littafinsa na siyasa, Aristo ya lura da cewa duk sa'ad da mulki ya sake hannu a wani birni, akan sami masu ƙin biyan tsohon bashi. Hujjarsu ita ce birni bai ci ba, azzalumin da ya sauka shi ya ci. Sai ya tambaya: mene ne birni kansa? Ba ganuwa ba ce, don ana iya kewaye ƙasa mai faɗi da ganuwa ba ta zama birni ba. Ba kuma tarin mutane kawai ba ne, don wasu na mutuwa wasu na haihuwa, kamar ruwan gulbi da ke wucewa wani na biyo shi. A ganinsa, birni shi ne tsarin da ya haɗa mutane wajen yanke shawara, ɗan birni kuwa shi ne wanda yake da rabo cikin shawara da hukunci. Abin da ake iya ɗauka daga nan shi ne: aiki yana zama na gari in ta hanyar shawarar gari ya fito. In kuwa mutum uku suka ƙulla shi cikin zaure, nasu ne, ko da sunan gari aka rubuta.

Tarihin koparatif a jihar Maraɗi ya isa shaida. A 1962 aka kafa UNCC, hukumar bashi da haɗin kan manoma, aka kuma kafa SONARA mai sayen gujiya. Daga 1966 aka shigo da sabon tsari: manoma su riƙe kasuwar gujiya da kansu, su zaɓi masu awo da masu rubutu daga cikinsu, ƙauye kuma ya tsaya wa bashin kowane ɗansa. In wani bai biya ba, a cire daga rarar kuɗin da ake maido wa ƙauye bayan kaka. Tsarin yana da kyau a takarda, ya kuma yi aiki a inda mutane suka zauna suka fahimce shi. Amma a wurare da dama maigari da ƴan tsirarun manya ne suka karɓa da sunan kowa. Talaka ya ga iri da taki sun zo, bai san adadi ba, bai san wa ya samu ba, sai ranar da aka ce masa rararsa ta tafi wajen biyan bashin wani. Ga fari na 1973, ga cutar da ta halaka gujiya a 1975, ga kuma yunwar 1984. Bashi ya taru, asusun ba manoma rance ya durƙushe cikin shekarun 1980, UNCC ita ma aka rushe ta. Fari yana da nasa laifi, babu shakka. Sai dai tun kafin fari, mutane da yawa sun riga sun ɗauki koparatif kayan gwamnati, ba nasu ba. Aristo ya faɗi irin haka: abin da aka ce na kowa ne shi ya fi rashin mai kula, don kowa na jiran wani.

A gwada wannan da gayya. Babu takarda, babu hatimi, amma ba a taɓa jin an tashi daga gayya ana cewa su suka yi ba. Kowa ya san gonar wa za a nome, ya san wanda ya zo da wanda ya noƙe, ya kuma san ranar da tasa za ta zo. Wannan ƙarfi ne Shugaba Seyni Kunce ya so ya jingina da shi, da ya farfaɗo da samariya bayan 1974, ya kuma mai da ita da koparatif ginshiƙan tsarin raya ƙasa da majalisunsa na ƙauye a farkon shekarun 1980. Inda samari suka zaɓi aikinsu da kansu, an ga azuzuwa da rijiyoyi da bishiyoyi. Inda kuwa umurni ya sauko daga sama, an yi aikin, amma da baƙi suka juya baya sai aka watse.

Aristo ya kuma kare shawarar taron jama'a da wani misali da Bahaushe zai gane nan take. Ya ce mutane da yawa, ko da kowannensu ba gwani ba ne, in suka haɗu suna iya fin gwani ɗaya, kamar yadda abincin da kowa ya kawo nasa ya fi na mutum guda. Wannan ita ce ciyayya. Manomi ya san ƙasa, makiyayi ya san burtali da mashaya, mace ta san ranar da rumbu yake ƙarewa, masu saƙar kaba na Gulbin Kaba sun san abin da goriba take bayarwa. Duk wanda aka bari a waje, akushinsa ne aka rasa.

A nan kuwa Aristo kansa ya yi kuskure babba, don ya fitar da mata da bayi da baƙi daga cikin masu shawara. Matan jihar Maraɗi sun ba shi amsa. A 1991 aka soma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara tare da taimakon ƙungiyar CARE. Mata kamar talatin sukan haɗu kowane mako, su sa wa kansu doka, su zuba kuɗinsu cikin akwati, su ba juna rance a gaban idon kowa, su ci tarar mai makara. Babu wadda za ta ce ba ta sani ba, domin a gabanta aka ƙirga. Tsarin ya bazu cikin Nijar, ya ƙetara zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta.

Wani zai ce: ke nan duk bashin da ba a shawarci kowa ba sai a ƙi biya? A'a. Aristo ya bar wannan batu a buɗe, amma mutanen Atina sun yanke shi a aikace. A shekara ta 404 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan birnin Isbarta ya ci su da yaƙi, wasu mutum talatin suka danne mulki. Ɓangarensu ya ci bashin talanti 100 a Isbarta, wato azurfa fiye da tan biyu da rabi, don yaƙar ƴan uwansu. A 403 mulkin jama'a ya dawo. Yarjejeniyar sulhu ta ce kowane ɓangare ya biya nasa, amma jama'a suka zaɓi su biya gaba ɗaya, har da waɗanda aka yaƙa da kuɗin, don sun ga nan ne mafarin haɗin kai. Bashin ba na birni ba ne ranar da aka ci shi. Ya zama nasa ranar da taro ya zauna ya ɗauka da yardarsa. Ƙauyen da bankin cimakarsa ya mutu yana iya yin haka: a taru, a faɗi adadi da sunaye, a yanke yadda za a cike, sannan a sake doka.

Tun daga zaɓen majalisun komin na 2004 zuwa yau, tsarin tafiyar da ƙananan hukumomi ya sake kama, amma tambayar tana nan. Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya daina ɗaukar yatsan maigari a matsayin yardar gari. A kira taro a lokacin da mata ba su wajen daka ko rijiya, a aika wa makiyaya, a jira ƴan ci-rani in abin zai hau kansu, a karanta takarda da Hausa, a ba mutane kwanaki su yi shawara bayan baƙo ya tafi. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuwa, aikinsu ne su riƙe littafin ƙauye, su rubuta abin da ya shigo da wanda ya karɓa, su karanta shi da ƙarfi a dandali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kafin a kira hannuwa, sai a nuna musu ɗakin da za a ɗora ta.