Hoto mai motsi a manhaja: da datar wa ake biyan kwalliyar?

Matasanmu masu haɗa manhajoji da shafukan intanet sai ƙaruwa suke yi, kuma abin a yaba ne. Amma akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu tsaya mu duba, wato cika manhaja da hotuna masu motsi, musamman waɗanda ake kira GIF. Ka buɗe manhajar sayar da kaya ko ta makaranta, sai ka ga tambari yana juyawa, rubutu yana walƙiya, fure yana buɗewa. Mai haɗawa yana ganin ya yi gwaninta. Wanda ya buɗe kuwa, datarsa ce ke ƙonewa.

GIF fa tsoho ne. Kamfanin CompuServe na Amurka ne ya fito da shi a 1987, aka sabunta shi a 1989. Launi 256 kacal yake ɗauka a kowane hoto, kuma motsinsa ba komai ba ne illa jera hotuna ɗaya bayan ɗaya. Bai iya matse bayanai kamar bidiyon zamani ba. Shi ya sa GIF na 'yan daƙiƙoƙi kan cinye megabait da yawa, alhali bidiyon MP4 mai tsawo ɗaya ya fi shi kyau, ya fi shi sauƙi. Manyan kamfanoni sun gane haka tuntuni. Tun 2014 Twitter, wanda yanzu ake kira X, yake juya GIF ɗin da aka ɗora zuwa MP4. Abin da kake kallo kana cewa GIF ne, bidiyo ne kawai mara sauti.

Dubi sitikokin da muke turawa juna kullum. Na WhatsApp a tsarin WebP suke, wanda Google ya fitar a 2010, kuma mai motsi ba a yarda ya wuce kilobait 500 ba. Telegram ya fi tsauri: sitikarsa mai motsi da aka gina a kan tsarin Lottie ba ta wuce kilobait 64. Lottie ɗin nan, wanda kamfanin Airbnb ya sake a 2017, ba hotuna yake ajiyewa ba, umarni yake ajiyewa: wannan da'ira ta tashi daga nan zuwa can, launinta ya canza. Waya ce ke zana motsin da kanta. Saboda haka fayil ɗin ƙarami ne, kuma ko an faɗaɗa shi ba ya dushewa.

Wani zai ce, to ai motsi yana da amfani. Ƙwarai kuwa. Ɗan zoben da ke juyawa yana gaya maka ka jira, aiki na tafiya. Alamar da ke fitowa bayan ka tura kuɗi tana kwantar maka da hankali. Wannan motsi ne mai isar da saƙo. Wanda nake ƙorafi a kai shi ne motsin da ba ya cewa komai, sai burgewa.

Kuma kada mu manta da waɗanda muke yi wa aikin. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Yawancin mutanenmu ƙananan wayoyi suke riƙewa, wasu a garuruwan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ga kuma batun lafiya. Ƙa'idojin hukumar W3C, mai tsara dokokin shafukan intanet, sun ce duk motsin da ya fara da kansa ya wuce daƙiƙa 5 a ba mutum damar tsayar da shi, kuma kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya, don yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa.

Don haka 'yan uwa, kafin ku saka wani hoto mai motsi, ku tambayi kanku me yake gaya wa mai amfani da manhajar. Idan yana da saƙo, ku yi shi da Lottie, WebP ko gajeren bidiyo. Sannan ku gwada aikin a ƙaramar waya, a inda sabis ba shi da ƙarfi, ba a kan kwamfutarku mai tsada ba. Idan kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, a cire ta.